Daga Ƙofar Ruwa zuwa Wagadugu: makon FESPACO na 2017

Mun tashi daga tashar Ƙofar Ruwa a Kano ranar Talata 21 ga Fabrairu, 2017, mu uku, za mu Wagadugu, babban birnin Burkina Faso kuma garin ƙabilar Mosawa, bikin fina-finan Afirka wanda aka fi sani da FESPACO. Sau ɗaya ake yin sa a shekara biyu, an fara a 1969, na 2017 shi ne karo na 25. Ɗayanmu mai tace fim ne a Zoo Road, ɗayan mai ɗaukar hoton biki, na huɗunmu kuwa yana jiran mu a Maraɗi. Shi ne mai jin Faransanci, kuma duk mai shirin wannan tafiya ya fara neman irinsa kafin ya nemi kuɗin mota, domin daga an wuce Yamai Hausa ba ta ƙara fitar da mutum a gaban jami'i.

Abu uku muka tanada tun a gida. Na farko fasfo mai tambarin ECOWAS, da shi a lokacin ba a buƙatar biza a Nijar ko Burkina Faso. Na biyu katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, kuma allurar ba ta shiga lissafi sai ta kwana goma a jiki, don haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya ya yi aikin banza. Na uku sefa. Mun yi canji a Wapa, lokacin naira tana shan wuya, jika ɗaya, wato sefa dubu, tana kaiwa wajen naira 800. Sefa ɗaya ce ake kashewa a ƙasashen biyu. Ka nace a ba ka ƙananan takardu, 'yan jika ɗaya da 'yan jika biyu, kuma ka duba kada a haɗa maka da yagaggiya, saboda canji yana wuya a can, mai shago zai gwammace ya fasa ciniki da ya fasa maka 'yar jika goma. A Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar. In mai shayi ya ce dala ashirin, sefa ɗari yake nufi. Sai kuma kan caja mai baki biyu zagayayyu irin na Faransa, domin namu mai baki uku ba ya shiga bangonsu.

Bichi, Tsanyawa, Kankia, Katsina, babu abin faɗa. A Magamar Jibiya muka sauka aka buga mana hatimin fita, a Ɗan Isa aka buga na shiga. Direban ya so mu bar wannan, ya ce ai kullum mutane suna wucewa ba hatimi. Gaskiya ne ga mai zuwa cin kasuwar Maraɗi ya dawo. Amma mai wucewa ƙasa ta uku dole ya tsaya a buga masa, saboda ranar da zai fita Nijar hatimin shigarsa za a fara nema, in babu shi kuwa yana da bayanin da zai yi har motarsa ta gaji da jira.

A gidan abokinmu muka kwana a Maraɗi. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi mamakin yadda garin yake bin fim ɗin Kano sau da ƙafa: fosta a shagon caji, waƙoƙin a bakin 'yan kabu-kabu, matan gidan suna tambayar mu labarin 'yan wasa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyar abokin namu ta dubi mai tace fim ta ce, “Ɗana, ku da kuke da fim a gida, me za ku je nema wurin Mosawa?” Ya ce, “Inna, za mu je mu ga yadda suke tallan nasu ne.”

Manyan motocin Nijar, irin na Rimbo da Sonef da sauransu, suna da tsarin da tashoshinmu ba su da shi. Tun jajibiri ake sayen tikiti, a rubuta sunanka daga fasfo, a auna kaya a liƙa musu lamba. Mota tana tashi kafin asuba ko ta cika ko ba ta cika ba, kuma da suna ake kira bisa jerin sayen tikiti, don haka wanda ya saya da wuri shi ke zaɓar kujera. Zaɓi ta gaba ko ta tsakiya, ɓangaren dama in za ka yamma, domin rana ta hagu take bugowa har la'asar. Mutanen ƙauye a tashar suke kwana, akwai tabarmi da wurin alwala. Kuɗin Maraɗi zuwa Yamai a lokacin bai kai jika goma ba, tafiyar kuma ta haura kilomita 600 a kan babbar hanya mai lamba ɗaya. Mun wuce Galmi, buhunan albasa jibge a bakin titi, muka wuce masana'antar siminti ta Malbaza, aka tsaya a Birnin Ƙonni aka karya da shayi da burodi da tsire. Talabijin ɗin motar fim ɗin Hausa yake nunawa tun daga Maraɗi, har Zabarmawan da suka shiga a Dosso suna dariya a inda ya kamata. Kusa da Kure direba ya rage gudu, ya nuna mana raƙuman dawa biyu suna cin ganyen ƙaya ba nisa da kwalta. A lokacin raƙuman dawan wannan yanki su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma.

A Yamai muka huta ranar Alhamis. Tasi na haɗaka a lokacin sefa 200 ne, ka faɗi unguwa ta taga, in hanyarsa ce ya ɗaga maka kai. Da hantsi muka shiga gidan tarihi na Boubou Hama, inda masu saƙa da maƙeran azurfa da dukawa suke aiki a rumfuna a gabanka, kana iya yin odar takalmi ka dawo ka karɓa. Daga nan muka biya ta cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda. Mun je ne da gangan, domin shi ne mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO lokacin da aka fara bayar da ita a 1972, ɗan Nijar, maƙwabcinmu na jini, amma a Kano da wuya ka sami ɗan fim da ya san sunansa. Da yamma mutanen Yamai masu son zama suna haɗuwa a barandar Grand Hôtel, wadda take kallon kogin Kwara da gadar Kennedy. Tsire ake ci a can, ana zaune har rana ta faɗa bayan kogi. Wanda yake son abinci mai riƙe ciki ya nemi dambu da zogale a cikin unguwa, a lokacin da sefa 500 ana ƙoshi.

Motar Wagadugu ma a lokacin da duhu take tashi, jika goma da 'yan kai. Ana haye kogi, a bi Torodi da Makalondi, a shiga Burkina ta Kantchari. Kilomita 500 da ɗoriya ne, amma shingaye ke cinye ranar. Tsarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: kowa ya sauka, a karɓi takardu a bakin ƙofar mota, mota ta wuce gaba wayam, ku taka da ƙafa zuwa wata rumfa, a riƙa kiran suna. Mai cikakkun takardu ana miƙa masa ya wuce. Wanda ba shi da katin rigakafi, ko katin shaidarsa ya ƙare, a ce ya koma gefe, kuma ba ya dawowa mota sai ya rabu da jika ɗaya ko biyu ba rasit. A wani shingen har masu cikakkun takardu aka nemi su ajiye wani abu. Abokinmu na Maraɗi ya gaisa da mutumin cikin ladabi, ya ce, “Yallaɓai, baƙin FESPACO ne,” ya nuna takardar rajistarmu da muka buga daga intanet, nan take aka miƙo fasfunanmu. Buga wannan takarda a riƙe ta a hannu ya fi nuna ta a waya. Waɗanda suka fi shan wahala mata ne 'yan kasuwa masu ɗaurin atamfa da kilishi, domin a wurin kwastan kaf kayan motar ake saukewa, kowa ya tsaya a kan nasa ya kwance, a duba, a sake ɗaurewa cikin rana. Awa biyu ta tafi a nan. Ka riƙe ruwa babbar gora biyu, kuma da ka shiga Burkina ka mayar da agogo baya da awa ɗaya.

A Fada N'Gourma, garin Gurmawa, yara suka kewaye mota da kwalaben zuma, garin ya yi suna a kanta. Kupela, Zorgo, sai fitilun Wagadugu bayan isha'i.

Masauki shi ne abin da ya fi ba baƙo ciwon kai a makon bikin, domin manyan otal tun watanni ake kame su. Mu wani ƙaramin gidan baƙi muka samu a unguwar Gounghin, kusa da hedikwatar bikin, wanda abokinmu ya kama ta waya tun Janairu. Ɗaki mai fanka jika goma sha biyu, mu biyu-biyu. Mai na'urar sanyi ya kusa ninka haka. Ƙarshen Fabrairu zafi ya riga ya kama a can, ga sauran ƙurar hunturu, amma dare yana da sauƙi, fanka da gidan sauro sun ishe ka. Kafin ka biya, buɗe famfon banɗaki ka ga ko ruwa yana hawa, ka kuma cika bokiti da dare.

Washegari da safe muka ga garin sosai, garin babura ne. Manyan tituna suna da layi na daban a gefe don masu ƙafa biyu, kuma mata sun kusa kai maza yawa a kai: ma'aikaciyar banki da takalmi mai tsini, uwa da goyo da kwandon kayan miya, tsohuwa da hijabi har ƙasa. Kowa da nasa, shi ya sa ɗan acaɓa ba shi da kasuwa a tsakiyar gari. Tasi kore ne, na haɗaka, a lokacin sefa 300 a kan hanyarsa, amma bayan sha ɗayan dare sai yadda kuka daidaita, yana iya kaiwa jika biyu. Mun yi hayar babura biyu a wurin mai masaukinmu, hakan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai a kiyaye danja. Ja in ta kama ana tsayawa ko titi babu kowa, wanda ya ƙetare kuma a kan babur ɗinsa zai gane kuskurensa.

An buɗe biki ranar Asabar 25 ga wata a filin wasa na birni. Kwaddibuwa ce babbar baƙuwa a wannan shekarar, mawaƙinta Alpha Blondy ya yi wasa, filin ya cika da mutanen gari waɗanda ba ruwansu da sana'ar fim. Tsaro ya yi tsanani ƙwarai, kuma da dalili: a ranar 15 ga Janairu, 2016, 'yan bindiga sun kai hari gidan cin abinci na Cappuccino da otal ɗin Splendid a titin Kwame Nkrumah, mutum 30 suka mutu. Don haka kowace ƙofar silima akwai na'urar bincike da masu duba jaka. Kada ka ɗauki babbar jaka, kada ka bar fasfo a masauki.

Kallon kansa yana son tsari. Fina-finai 20 ne suke takarar babbar kyauta, ban da gajeru da na gaskiya da masu dogon zango na talabijin, ana nuna su a wurare da dama a lokaci guda: Ciné Burkina a tsakiyar gari kusa da babban masallaci da kasuwar Rood Woko, Ciné Neerwaya mai ɗaukar mutum fiye da dubu, zaurukan cibiyar al'adun Faransa, zauren wasanni na ƙasa CENASA, da sabon Canal Olympia da aka buɗe a Ouaga 2000 ana gab da bikin. Ana farawa da safe, ana kaiwa tsakar dare. Ka sami littafin jadawali ranar farko, ku zauna da biro ku yi alama. Fim ɗin takara ana maimaita shi a zaure fiye da ɗaya, saboda haka in ya kuɓuce maka yau duba gobe. Kada ka haɗa fim biyu a jere a zauruka masu nisa, layin bincike zai cinye maka farkon na biyun. Katin wuya na bikin yana shigar da kai, amma ba ya ajiye maka kujera. Mara kati yana sayen tikiti, a lokacin jika ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In fim ɗin ɗan Burkina ne, je da awa guda kafin lokaci, in ba haka ba a waje za ka ji tafi. Nunin safe shi ne mafi sauƙin shiga, kuma a nan ake ganin daraktoci da 'yan jarida.

Fim ɗin da aka buɗe da shi, Frontières na Apolline Traoré 'yar Burkina, labarin mata ne 'yan kasuwa da suke ratsa iyakokin Afirka ta Yamma a motar haya har Legas. Mu da muka sauko daga irin wannan motar jiya-jiya ba mu buƙaci fassara ba. Duk inda jami'i ya miƙa hannu a majigi sai zauren ya ɗauki ihu, wata mata a bayanmu tana faɗin adadin kuɗin kafin a faɗa. Haka 'yan kallon Wagadugu suke. Suna yi wa ɗan wasa magana, suna gargaɗin sa, suna tafa wa magana mai daɗi, fim in ya yi sanyi kuma kujeru su fara ƙara, mutane su fice ba kunya. Darakta yana zaune a cikinsu yana jin hukuncinsa da kunnensa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne su wane ne a kujerun. Magidanci da matarsa da 'ya'yansa 'yan mata, malaman makaranta da ɗalibansu, hajiyoyi da carbi a hannu. Mafi yawan mutanen Burkina Musulmi ne, ana kiran magariba layin silima yana raguwa, a yi salla a dawo. A da a Kano muna da Plaza da Eldorado da Marhaba da Orion da Wapa, amma tun muna yara gidan silima wuri ne da ɗan mutunci ba ya so a gan shi, mace kuwa ba a ma maganarta. Yawancinsu sun mutu ko sun zama wani abu daban, sai wanda aka buɗe a Ado Bayero Mall ya fara dawo da iyali kallo. A 2016 ma, gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa bayan surutun da ya tashi. Ban ce mu kwashi al'adar Wagadugu mu kai gida ba, kowane gari da tarbiyyarsa. Amma na ga da idona cewa zaure mai haske, mai tsaro, mai lokacin tashi sananne, wanda ake tsayawa a yi salla, ba ya lalata kowa. Duhu da rashin tsari ne suka ɓata namu.

Rabin bikin a silima yake, rabin kuma da dare. A da, in ji waɗanda suka daɗe suna zuwa, kowa a bakin wurin ninƙaya na otal ɗin Indépendance yake haɗuwa, inda babban daraktan Senegal, marigayi Sembène Ousmane, yake sauka a ɗaki mai lamba 1. An farfasa otal ɗin a boren Oktoban 2014 da ya kori Shugaba Blaise Compaoré, don haka a 2017 zaman ya watsu zuwa harabar hedikwatar bikin, da rumfunan Maison du Peuple, da wuraren shaƙatawa na fili da suke kira maki. Maki fili ne da kujerun ƙarfe da manyan lasifika, wani da rufin kwano, wani a bakin titi kawai. Zama kyauta ne. Abin sha daban, abinci daban: mai kawo abin sha ta gidan ce, mai gashi kuwa ɗan kasuwa ne mai zaman kansa a bakin ƙofa, kowa da lissafinsa. Ba a kwashe kwalaben da aka sha daga tebur sai an tashi, da su ake ƙirga kuɗi, saboda haka kada ka bari a ɗauke ko a ƙaro maka na wani tebur. Giya ake sha a yawancin teburan, wannan ba ɓoyayye ba ne, amma wanda ya ce lemo ko ruwan gora na Lafi babu mai kallon sa sau biyu, kuma teburinmu bai taɓa rasa baƙi ba don babu kwalbar giya a kai.

A kula da nama. Ana gasa alade a fili a unguwanni da yawa, a cikin tanda ta ƙasa ko ta ƙarfe, kuma da dare ba kowa zai bambance ba. Ka tambaya kafin ka zauna. Mafi sauƙi ka nemi masu tsire da balangu, da yawansu Hausawa da Zabarmawan Nijar ne, sallama ɗaya za ku gane juna. Kazar gida da suke kira kazar keke, wai saboda a kan keke ake kawo ta daga ƙauye, ita ce sarauniyar dare a can: a gasa ta da tafarnuwa da yaji, a lokacin jika uku zuwa uku da rabi, tana ɗaukar kusan minti arba'in, don haka yi oda da zarar ka zauna. Akwai gasasshiyar karfasa da acake na rogo irin na Abijan. Da rana kuma benga, wato wake da shinkafa da mai, da zom-kom, ruwan gero mai citta da tsamiya wanda ake tarbar baƙo da shi. Wani dattijo mai balangu ya ba mu labarin Zangouettin, tsohon zangon Hausawa na tsakiyar birni, wanda aka rushe a farkon shekarun 2000 don sabunta gari aka watsa mutanensa bayan gari. “Alhaji, da a da kuka zo,” in ji shi, “ba za ku kwana a gidan haya ba.”

Kiɗan Kwaddibuwa da na Legas ne suka mamaye lasifika, amma akwai wuraren da ake kiɗa da hannu, balafon da ganguna, musamman dandalin Reemdoogo da ke nan Gounghin. A irin wannan zama ake ƙulla abin da ya kawo mutane. Mai rarraba fim daga Dakar, mai shirya biki daga Jamus, ɗalibar fim daga Kamaru wadda ta gaishe mu da Hausar Garwa, duk a tebur ɗaya, ana musayar kati. Wanda ya zo da abokai ya raba aiki: ɗaya ya riƙe asusun abinci da mai, ɗaya ya riƙe jadawali, kuma a yarda tun farko cewa ba dole a kalli fim ɗaya tare ba, a dai haɗu wuri kaza ƙarfe goma. Abota tana lalacewa a tafiya ne a kan kuɗi da jira, mu kuwa mun kashe bakin duka biyun tun a Maraɗi. Wanda ya kai ƙarfe uku a maki ba zai ga nunin safe ba, sai mutum ya zaɓi daren da zai sayar.

Ranar Lahadi da sassafe 'yan fim suna taruwa a Dandalin Masu Fim, gaban ofishin magajin gari, inda aka gina hasumiya mai siffar faifan fim da idon kyamara, su tuna da abokan sana'a da suka rasu. A titin da ke kusa akwai gumakan tagulla na waɗanda suka ci babbar kyauta. Ita kanta kyautar tagulla ce, siffar Yennenga, gimbiyar da Mosawa suke ɗauka uwar kakanninsu, a kan ingarma ya ɗaga ƙafafun gaba. Mun je unguwar Niogsin inda maƙeran tagulla suke, muka ga yadda ake yi. Da kakin zuma ake fara ƙera siffar, da ɗan ƙarfe mai zafi ana gyara ido da gashi. Sai a shafe ta da yumɓu mai laushi da aka kwaɓa da kashin jaki, a bari ya bushe a inuwa, a ƙara wani mai kauri, a ɗaure da waya, a bar ƙofa a ƙasa. A gasa a wuta kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. A narka tsofaffin kan famfo da makullai da sauran tarkacen tagulla, a zuba a gurbin tun yumɓun yana da zafi. In ya huce a fasa, a bi da magagari. Yumɓun in bai bushe sosai ba yana tsagewa, in kuma ya huce kafin a zuba, ƙarfen yana daskarewa a hanya, siffa ta fito ba hannu ko ba ƙafa. Tunda fasa gidan ake yi, babu biyu da suke fitowa iri ɗaya. A nan ciniki ya fi na kasuwar Ƙauyen Masu Sana'a sauƙi, ko da yake can ya fi yawan kaya, musamman saƙar hannu ta faso dan fani wadda tsohon shugaban ƙasar Thomas Sankara ya ɗaukaka, wadda yanzu manya suka koma sawa a taro. Mai sauran ƙarfi ya je Laongo, wajen kilomita 35 daga gari, inda masassaƙa daga ƙasashe da yawa suke sassaƙa duwatsu a inda Allah ya ajiye su tun 1989. Ranar Juma'a da sassafe kuma akwai fitowar Mogho Naba, sarkin Mosawa, a ƙofar fadarsa. Ba ta wuce rubu'in awa, ba a ɗaukar hoto.

Kasuwar fim ta bikin, MICA, ita ta fi shafar abokinmu mai tace fim, kuma a nan ne muka fahimci dalilin da ya sa masana'antarmu ta Kano da take fitar da ɗaruruwan fina-finai a shekara ba ta da ko ɗaya a cikin ashirin ɗin nan. A da akwai uzuri, domin sai fim ɗin da aka ɗora a kan faifan silima mai milimita 35 yake shiga babbar takara, kuɗin wannan kuwa ya fi ƙarfin furodusan Kano. Tun 2015 an cire wannan sharaɗi, ana karɓar na dijital. Abin da ya rage namu ne. Mai tace fim ɗin ya nuna wa wata mai sayen fim don tashoshin talabijin guntun aikinsa a kwamfuta, ta yaba hoton da sutura, sannan ta jero tambayoyi. Ina fassarar Faransanci? Ba fassarar da yaron shago zai yi da ƙamus ba, ta wanda ya san harsunan biyu, layi biyu kacal a ƙasan hoto, kowane layi kada ya wuce harafi arba'in, ya tsaya gwargwadon yadda ido zai karanta. Ina sautin a rarrabe, magana daban, kiɗa daban, ƙarar wuri daban? In an cakuɗa su a layi ɗaya ba a iya ɗora wani harshe a kai. Kiɗan na wane ne, akwai takardar da mawaƙin ya sa hannu? In karin waƙar an ɗauko shi daga fim ɗin Indiya, babu tashar da za ta taɓa shi. Ina asalin fayil ɗin mai nauyi? Mu kuwa mun saba a matse fim don faifan DVD, a goge asalin don a sami wurin aiki na gaba. Ga tallan 'yan kasuwa da lambar waya da ake ƙonawa a jikin hoto, ga raba labari ɗaya zuwa kashi na ɗaya da na biyu har na huɗu. Zauren silima yana son fim guda, minti casa'in zuwa ɗari da ashirin, a cikin ƙunshin fayil na dijital da ake kira DCP. A wani zaure mun ga fim ya tsaya cak ana tsakiyar kallo saboda fayil ɗin da aka kawo bai dace da na'urar ba, shi ya sa masu gogewa suke zuwa da kwafi biyu, su kuma gwada tun da rana.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Kano. Hujja kuwa tana cikin takarar kanta: Rahmatou Keïta 'yar Nijar ta shigo da fim da aka gina labarinsa a masarautar Damagaram, ana jin Hausa a cikinsa tare da Zabarmanci da Fulatanci, kuma shi ya ɗauki kyautar hoto mafi kyau. Rawani da lalle da zaure irin namu ne a majigin Neerwaya, mutum dubu suna kallo. Ɗan Najeriya ma ya taɓa ɗaukar babbar kyautar, Newton Aduaka a 2007.

An rufe ranar Asabar 4 ga Maris. Alain Gomis na Senegal ne ya ɗauki babbar kyautar, wadda ake kira Ingarman Zinariya, da fim ɗinsa Félicité, labarin wata mawaƙiyar gidan rawa a Kinshasa da take neman kuɗin aikin ɗanta da ya yi haɗari. Wannan ne karo na biyu da ya ci, bayan na 2013, abin da kafin shi Souleymane Cissé na Mali kaɗai ya taɓa yi. Kyautar sefa miliyan 20 ce, wajen naira miliyan 16 a canjin da muka yi. A teburinmu an yi gardama, mai hoton biki yana ganin fim ɗin ya cika jan rai a rabinsa na biyu. Ni ina tare da alƙalan, domin ban taɓa ganin an nuna macen da take aikin dare da irin wannan mutunci ba, ba a wanke ta ba, ba a kuma jefe ta ba.

Tikitin komawa tun ranar Alhamis muka saya, saboda motocin Lahadi da Litinin cika suke da baƙin biki. Hanyar da muka bi ita muka sake bi, shingayen nan dai, sai dai wannan karon da zumar Fada da ƙananan dawakan tagulla a jaka, waɗanda gara a naɗe su cikin tufafi a sa a sama-sama, don na'ura da mai bincike duk suna son ganin su. Kowannenmu ya kashe wajen jika ɗari biyu, mota da masauki da abinci da tikiti, ban da tsaraba. Ragowar sefar a Maraɗi muka canza, farashin ya fi na Wapa. A lokacin ana sa ran rufe rajistar fina-finan bikin 2019 watanni kafin bikin, wajen ƙarshen 2018, don haka mai tace fim ya bar wa abokinmu na Maraɗi kwafin wani gajeren fim da rubutaccen zancen cikinsa, shi kuma ya ce akwai wani malamin Faransanci a unguwarsu da zai fara fassarar bayan hutun makaranta.